Wai da gaske ne daji ba ya son ƙarfe? Amsa kan baƙin tabon dunduniyar Baba

Wani ɗan'uwa ne ya turo min wannan: "Salamu alaikum likita. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye can wajen Gumel, ya haura sittin. Kusan shekara biyu kenan wani baƙin tabo ya fito masa a dunduniya, mun ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki har wanzami ya tsaga bai samu komai ba, daga baya wajen ya fashe yana jini. An yanki naman an kai Kano, rizal ya fito an rubuta melanoma, Breslow 3.5mm, wai kuma ya yi gyambo. Sun ce sai an sake aiki an faɗaɗa yankan, su Baffa sun ce sam, daji ba ya son ƙarfe. Abin da ya ɗaure min kai, akwai wata zabiya a garinmu nata ciwon na goshi ya ninka na Baba girma, aka yanke, yau shekara biyar tana nan garau. To ta yaya ake gane wanda zai bazu da wanda ba zai bazu ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya saka maka da ka tsaya ka karanta takardar nan, don da yawa ninke ta ake yi a cusa a aljihun jamfa sai ta yage ba wanda ya san me ke ciki.

Bari in fara da abin da ya ɗaure maka kai. Mu a Hausa duk sunansu ɗaya ne, daji, sankara, kansa, amma a fata kaɗai sun kai kala nawa kuma halinsu ya sha bamban kamar yadda kububuwa da tsadaraki duk ake ce musu maciji. Akwai basal, wannan mai cin wuri ɗaya ne, zai iya cinye hanci ko gefen ido a hankali cikin shekaru amma da ƙyar ka ji ya tafi wata gaɓa. Akwai sukwamos, shi ne ya fi kama zabiya da masu tsohon tabon ƙuna, yana tafiya amma ba kullum ba. Sai melanoma, irin na Baba, shi kam ɗan tafiya ne, yana ƙarami kamar ƙwayar wake zai iya aika 'ya'yansa gaba. Ban ga takardar zabiyar garinku ba, amma in za a bi abin da aka saba gani nata sukwamos ne ko basal, kaga kenan ba ciwo ɗaya kake gwadawa ba tun farko.

Toh a melanoma ɗin, babban abin da muke fara nema a takarda shi ne wannan lambar da ka karanto, Breslow. Sunan wani likitan gwajin nama ne a Amurka, Alexander Breslow, shi ne a 1970 ya nuna cewa in ka auna kaurin ciwon daga sama zuwa inda saiwarsa ta tsaya a ƙasa, ka fi kowa sanin abin da zai biyo baya, kuma har yau sama da shekara hamsin ba a samu ma'aunin da ya ture shi ba. Dalilin kuwa mai sauƙi ne in ka san yadda fata take. Ɓawon sama na fata ba jijiyar jini a cikinsa, ba kuma 'yan hanyoyin nan na farin ruwa da ke kai wa kaluluwa, duk suna can ƙasa. Kai ɗan ƙauye ne ka san batun shadda da rijiya, in ramin shadda bai yi zurfi ba ƙazantar tana nan inda take komai faɗinsa, amma ranar da aka haƙa ya kai ga jijiyar ruwa to rijiyar maƙwabta ma sai ta ji a jikinta. Haka ciwon nan yake. Muddin yana shimfiɗe a sama yana faɗi, ko ya kai tafin hannu, bai samu motar hawa ba. Da ya nutsa ƙasa ya samu.

Milimita kuma abu ne da mutane ba sa iya kwatanta shi a ka, shi ya sa nake ciro katin ATM in nuna wa 'yan'uwan mara lafiya, kaurin katin nan bai cika milimita ɗaya ba, wajen 0.8 ne. Melanomar da ba ta kai kaurin kati ɗaya ba kuma ba ta fashe ba, in aka cire ta da kyau kusan 99 cikin 100 sun rabu da ita kenan. Daga nan ake hawa, 1 zuwa 2, sai 2 zuwa 4, sai abin da ya haura 4 wanda shi ne rukunin ƙarshe. Na Baba 3.5, ka ɗora kati huɗu da rabi, yana rukuni na uku cikin huɗu. Kar kuma ka ce ai dunduniyar manomi kaushi ne da ita shi ya ƙara lambar, ba a lissafa kaushi da faso, daga ƙarƙashin mataccen ɓawon ake fara awo, in kuma wajen ya fashe daga ƙasan mikin ake farawa.

Abu na biyu shi ne gyambon da aka rubuta. Ciwo biyu masu kauri ɗaya, wanda samansa ya ɓare yana jini ya fi wanda yake rufe haɗari, har ma a lissafinmu fashewar tana tura shi gaba kamar ya ƙara rukuni guda, saboda alama ce ta ciwo mai saurin girma da ya fi ƙarfin fatar da ke rufe da shi. Sai dai a nan ina so ka gaya wa likitan Baba maganar wanzamin nan kar ka ɓoye don jin kunya, saboda mikin da aska ta yi daban, wanda ciwon ya yi da kansa daban, mai duba naman yana buƙatar ya sani. Amma tunda ka ce daga baya ne ya fashe yana jini, ni dai zan ɗauke shi a na gaske.

Abu na uku, wanda ya fi su duka nauyi yanzu kuma ba ka ambace shi ba, kaluluwa. Ni in aka kawo min irin Baba, wallahi kafin in kwance tsumman ƙafar hannuna na matsematsinsa. Na tuna wani dattijo da aka kawo min a bayan mashin da damina, ƙafar an naɗe ta da tsumma an ɗora leda an ɗaure da kyauro, da muka kwance garin bagaruwa ne da na kafso ja da yalo sun cakuɗe sun yi ɓawo, ɗansa sai nuna min dunduniyar yake yana cewa likita ga ciwon nan fa a ƙasa, ni kuwa na riga na taɓo wani abu a saman cinya kamar goriba, tauri, ba zafi, ba ya motsi. Na tambayi tsohon tun yaushe, ya ce tun kafin azumi, ai ba ta ciwo shi ya sa bai faɗa ba. To wannan rashin ciwon shi ne abin tsoron. Kaluluwar da muka sani ta ƙurji ko sartse tana zafi, tana sa zazzaɓi, kwana kaɗan ta sauka. Ta daji shiru take, tana ƙara girma kawai. Ƙafa matsematsi take kai wa, dunduniya wani lokacin ta fara da bayan gwiwa, hannu hammata, kai da fuska kuma wuya da gaban kunne. A duba kuma tsakanin ciwon da matsematsin ko akwai 'yan baƙaƙen ƙuraje ko ƙulli a ƙarƙashin fata kamar an yi shuka a layi, su ma ana lissafa su cikin waɗanda suka kama hanya.

Rashin jin komai da hannu ba ya wanke mutum gaba ɗaya. A masu kauri irin na Baba, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko sama da haka akwai 'yan ƙwayoyi a kaluluwar da hannu ba zai ji ba, kamar ƙuduji ne a gonar dawa, kafin ka ga jan furensa ya daɗe yana tsotsar saiwa a ƙasa. Shi ya sa aka ƙirƙiro wani aiki tun farkon shekarun 1990, a yi allurar shuɗin ruwa da wani sinadari a gefen ciwon, a bi shi a ga kaluluwar da ya fara isa, a ciro ita kaɗai a gwada. Ba ko'ina ake da kayan yin sa ba, ka tambaya a asibitin koyarwa, in babu to a yi sikanin matsematsin da kyau kuma a riƙa maimaitawa.

Yanzu lambobin da na san su kake jira, kuma zan faɗa maka tsakani da Allah. A tsarin matakan cutar da ake aiki da shi tun 2018, wanda daban ne da rukunan kauri da na lissafo ɗazu, mai kauri tsakanin 2 da 4 da ya fashe amma kaluluwa lafiya lau, mataki na biyu ne, kuma cikin mutum 100 wajen 87 suna kai shekara biyar cutar ba ta kashe su ba. In ta shiga kaluluwa ya koma mataki na uku, a irin kaurinsa lambar tana sauka wajen 69. In kuwa ta tsallake ta kai huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa, mataki na huɗu kenan, ko a Amurka da duk kayan aikinsu wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke kai shekara biyar. Amma ka riƙe abu biyu. Lambobin nan akasari daga turawa aka tara su, waɗanda aka yi wa aiki a kan lokaci aka kuma bi su da kulawa, sannan irin na tafin ƙafa ya ɗan fi na sauran jiki taurin kai, don haka namu ba zai kai haka kyau ba. Na biyu, 87 ɗin nan na waɗanda aka yi wa cikakken aiki ne, ba na wanda aka mayar gida ana shafa masa magani ba. Kuma lamba ta taro ce, ba ta san Baba ba, rai na hannun Allah.

Sauran abubuwan da ke cikin takardar ba sai na ja su da tsawo ba, ka sa likitan ya nuna maka da yatsa: yawan ƙwayoyin da aka kama suna rabuwa a kowane murabba'in milimita, in sun yi yawa ciwon mai gaggawa ne, sai ko an ga ƙwayoyin a cikin jijiya, sai kuma bakin yankan, wato ko wuƙa ta wuce ta cikin lafiyayyen nama ko ta cikin ciwon ta bi. Tsufa da kasancewa namiji su ma suna ɗan rage wa mutum maki, amma waɗannan ba abin da za ka yi a kai.

Wani zai ce ai kansar fata ta turawa ce masu kwanciya a rana. Gaskiya ne sun fi mu samunta nesa ba kusa ba, baƙar fatar nan garkuwa ce, amma namu in ya tashi zuwa sai ya zaɓi inda ba baƙin, tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce, kuma wannan ba ruwansa da rana. Matsalar wa ke duba tafin ƙafar tsoho? Shi kansa bai gani, in ma ya gani ƙaya ce, ko tsakuwa ya taka, ko tawadar Allah ce, in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ce sammu ya taka a hanyar gona. Ko Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika, da kuɗinsa da sunansa haka ta faru da shi, a 1977 aka gano ta a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa bayan an daɗe ana cewa ciwon ƙwallo ne, aka ce a cire yatsan ya ƙi, a 1981 ya rasu yana da shekara 36 ta riga ta kai huhu da ƙwaƙwalwa.

Toh mu zo kan maganar su Baffa, don ita ce ainihin abin da zai yanke hukunci a gidanku ba lambobina ba. Kar ka raina su, abin da suka faɗa sun gani ne da idonsu. Sun ga an kai wane asibiti an yanka, wata huɗu aka yi jana'izarsa, sun ga wance ma haka. Abin da ba su gani ba shi ne shekara biyu ko uku da aka yi ana jiƙo da shafe-shafe kafin a kai shi, lokacin da ya iso hannunmu 'ya'yan ciwon sun riga sun tare a hanta, wuƙa ta cire uwar, 'ya'yan suka ci gaba da abin da dama za su yi, sai laifin ya faɗa kan wuƙa tunda ita ce ta zo ƙarshe. Waɗanda aka yi wa da wuri suka warke kuwa ba mai ba da labarinsu, ai sai a ce dama ba daji ba ne. Ga zabiyar garinku nan, ƙarfe ne ya taɓa ta ko ba ƙarfe ba?

Amma akwai inda nake tare da su ɗari bisa ɗari, akwai ƙarfen da daji ba ya so, shi ne rabin yanka. Tsagar wanzami, sakiya, ƙaho a kan ciwon, mai kemis ya kankare saman da reza ya ɗaure, ko a ɗiga masa ruwan batir ya ƙone, duk waɗannan saman suke ɗaukewa su bar gindin, kamar ka sare ƙiri-ƙiri da fartanya ka bar saiwar, sannan sun ɓata mana awon don ba za a ƙara sanin ainihin zurfinsa ba. Har a asibiti ana yin wannan kuskuren, na taɓa karɓar wata mata da aka cire wa baƙin ƙulli a tafin ƙafa a wani ƙaramin asibiti aka jefa naman a kwandon shara ba gwaji, aka ce mata ta warke, bayan shekara ta dawo da kaluluwa kamar ƙwan kaza, ba mu san kaurin na farkon ba har yau. Duk naman da aka yanka a jikin mutum a sa shi a kwalba a kai gwaji, ko da kuɗin motar zai fi na aikin. Ku kun yi wannan, kun tsallake rami babba.

Aikin da ake ce muku a sake kuwa ba wai na farkon ya lalace ba ne, haka tsarin yake. Na farko don a san ko menene, na biyu don a share kewayensa. A kauri irin na Baba ana ɗebe santimita 2 na lafiyayyar fata ta kowane gefe, kamar faɗin babban yatsanka, a yi ƙasa sosai, sannan a ɗebo fata daga cinya ko a juyo ta kusa a rufe ramin tunda dunduniya ba ta da rarar fatar da za a ja a ɗinke. Na san abin da ke ran Baba, za a yanke ƙafa. Galibi ba a yankewa a irin wannan, wanda ake cire wa yatsa shi ne mai na ƙarƙashin farce, ƙafa kuma sai ciwon ya ci ƙashi ko ya mamaye ta, wato jiran da ake yi don gudun yanke ƙafa shi ke kawo yanke ƙafar. Zai yi makonni bai taka ba, in yana da ciwon suga a daidaita shi tukuna don fatar ta kama.

Tunda ka kawo zancen zabiyar bari in ɗan tsaya a kanta, don ita ma ba ta gama ba. A sukwamos abin da muke dubawa faɗin da ya wuce santimita 2, zurfin da ya wuce milimita 6 ko ya ratsa kitsen ƙarƙashin fata, ko ƙwayoyin sun bi jijiyar ji, wanda alamarsa zugi ko dindiris ko wani gefen fuska ya saki, sai kuma wurin da ya fito, na leɓe da na kunne sun fi na goshi saurin tafiya wuya. Wanda rana ta jawo, in aka kama shi da wuri, bai kai biyar cikin ɗari ba ne ke bazuwa. Sai dai fatar da ta haifi ɗaya za ta haifi wani, kuma 'yan'uwanmu zabiya tun suna shekara ashirin da 'yan kai yake fara musu saboda ana tura su gona da talla da tsakar rana kamar kowa. Ka gaya mata ko iyayenta, malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, aiki da sassafe da yamma a bar tsakiyar rana, man kare rana mai lamba 50 in da hali, kuma duk wani ɓawo mai kaushi da ke ɓarewa yana dawowa a kunne ko leɓe ko wuya a nuna shi tun yana ƙarami, a wannan lokacin aikin minti kaɗan ne.

Wanda ya fi ba ni tausayi a ƙauyukanmu shi ne na tsohon tabo. Yarinya ta faɗa murhu da sanyin hunturu, ko mai farfaɗiya ya faɗa wuta, ko gyambon ƙwauri da ya shekara ashirin yana rufewa yana buɗewa, sai bayan shekara ashirin ko talatin wajen ya canja hali, bakin mikin ya yi tudu ya juyo waje kamar leɓe, ya fara wari da jini in an taɓa. Wani likitan Faransa, Marjolin, shi ya bayyana irin wannan miki tun 1828 har ake kiran sa da sunansa. Shi ma sukwamos ne akasari amma ya fi na rana mugunta sosai, kuma mai shi ya saba da ciwon har ba ya ganin canjin, in ka tambaya ya ce ai tun ina yaro nake da shi. Duk mikin da ya wuce wata uku ana wanki bai rufe ba a ɗebi naman bakinsa a gwada, shikenan.

Ƙarfin garkuwar jiki ma na ciki. Mai cutar ƙanjamau da ba ya shan magani, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan magungunan danne garkuwa, nasu ya fi saurin gudu, akwai ma wata mai suna Kaposi da ke fitowa kamar baƙaƙe ko jajayen tabbai a ƙafa da cikin baki, wadda sau da yawa in aka fara maganin ƙanjamau sai ta ja baya. Don haka in an ce a yi wa Baba gwajin ƙanjamau kar wani ya ɗauka zargi ne, kowa ake yi wa.

Za ka ji ana cewa yanzu akwai maganin melanoma ko ta bazu. Akwai, ba ƙarya ba ne, tun 2011 aka fara samun alluran da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, a 2014 aka fito da waɗanda suka fi, kuma Jimmy Carter tsohon shugaban Amurka a 2015 tasa ta kai hanta da ƙwaƙwalwa aka yi masa aiki, aka gasa ciwon da na'ura, aka kuma ba shi irin allurar nan, ya rayu har ƙarshen 2024 ya cika shekara 100. Amma ɗan'uwa kuɗinsu miliyoyi ne kuma ba allura ɗaya ba ce, ba kowa suke yi wa aiki ba, na tafin ƙafa ma bai cika jin su kamar na sauran jiki ba, kemo na gargajiya kuwa melanoma ba ta cika jin sa ba. Mu a nan makaminmu na gaske wuƙa ce a kan lokaci, tana da araha in ka gwada da waɗancan, kuma tana aiki ne kawai muddin ciwon na wuri ɗaya.

Kaga duk abin da na lissafo, irin ciwon, inda ya fito, shekarun Baba, ba ɗaya da ke hannunku, kaurin ma ya riga ya kai inda ya kai. Abin da ya rage a hannunku kwanaki ne. Na san lissafin da ake yi a gida, bari a cire amfanin gona, bari a sayar da riɗi, bari farashi ya ɗan tashi. Wallahi na sha ganin wanda ya zo da mataki na biyu da bazara ya ce zai dawo da kaka, ya dawo da na uku. In akwai rago ko ɗan maraƙi a kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ɗin nan, kuɗin da ake gudun kashewa yau ninkinsa za a kashe gobe a kan abin da ba zai warke ba. Addu'a da rubutu da sadaka a yi ta yi, ba mai hana ku, sharaɗina ɗaya kar a ƙara ɗora komai a kan mikin.

In kun koma, ko asibitin Malam Aminu Kano ne ko Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu, duk inda aka tura ku, ka nemi a taɓa matsematsi da bayan gwiwa a gabanka, a yi sikanin wajen da na ciki da hoton ƙirji, in aljihu zai ɗauka a yi sitisikan, wato babban hoton nan da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Ka gaya musu in Baba na tari, ko ya rame, ko ciwon kai da ba ya jin magani, ko ciwon baya na dare. Ka yi fotokwafin rizal ɗin nan guda uku ka kuma ɗauke shi a waya. Bayan aiki kuma ba a sallami juna ba, duk wata uku zuwa shida a dawo a duba, saboda yawancin dawowarta cikin shekara biyu zuwa uku na farko ne, amma tana iya yin shiru shekara goma ta leƙo, sai ka koyi taɓa masa matsematsin da kanka ko ƙaninka da ke gida ya koya, wata-wata.

Su Baffa kuma kar ka tsaya musu da su a zaure, kai ɗa ne, ko kana da gaskiya ba za su karɓa daga bakinka a gaban mutane ba. Ka samu wanda Baba ya fi jin maganarsa a cikinsu kai da shi, ka ce Baffa ni yaro ne ban gane bayanin likita ba, ka zo mu je tare ka ji da kunnenka ka yi masa tambayoyin da ni ba zan iya ba, ka biya masa kuɗin mota ka ba shi gidan gaba. In da hali ku bi ta gidan su zabiyar nan ya ga tabon goshinta kafin ku kama hanya. Yau da daddare kuma bayan isha ka sa Baba ya kwanta ya miƙe ƙafar, ka taɓa saman cinyar ta ɓangaren ciwon ka gwada da ɗaya ɓangaren, abin da ka ji ka rubuto min tare da abin da takardar ta ce game da bakin yankan.